Shekara biyar ina zaune a ƙarƙashin lema da injin POS

Ni dai ba da niyya na shiga harkar POS ba, zaman banza ne ya ishe ni. Na gama NCE a 2019, aikin koyarwar da ake ta cewa za a ɗauka shiru kake ji, sai ga korona a 2020 aka kulle gari. Garinmu babu banki ko ɗaya, har yau ma babu, in kana son cire dubu biyar sai ka hau mota zuwa Gumel ka bi layin ATM, wata rana sai ka kai bakin injin ya ce maka ba kuɗi, ka dawo ka yi asarar kuɗin mota da wuni guda. Kawuna mai sayar da hatsi shi ya ba ni aron dubu ɗari da hamsin, ya ce "kai yaro, jari ne wannan ba kyauta ba, ranar da ka cinye shi kar ka zo min da kuka." Na ce in sha Allahu Kawu.

Injin farko daga wani babban banki na karɓo, ba sai na faɗi suna ba. Na cika fom, na kai hoto, na yi ta sintiri kusan wata biyu kafin a ba ni. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne in mutum ya sa katinsa yau na ƙirga masa tsabar kuɗi, ni nawa ba za su shigo asusuna ba sai washegari, in Juma'a ce kuwa sai Litinin. To mai jarin dubu 150 ina zai kai? Ranar kasuwa kafin azahar jakata ta zama wayam, ina zaune ina kallon mutane suna wucewa da katinsu a hannu.

Wajen ƙarshen shekarar wani abokina da muka yi makaranta tare ya nuna min wani shuɗin inji, ya ce gwada wannan. Moniepoint. Ya sa katinsa ya cire dubu ɗaya, kafin risit ya gama fitowa kuɗin sun zauna a asusun mai injin. Wallahi sai da na ce ya sake in gani. A wurina wannan kaɗai shi ne duk bambancin, don kuɗin da ke dawowa nan take kana iya juya su sau biyar a wuni, dubu 150 sai su yi maka aikin dubu 750.

Daga baya na zauna na bi tarihin kamfanin, don na tsani in riƙe abu ban san asalinsa ba. Ashe da can ba ma sunansa ke nan ba. A 2015 wasu samari biyu, Tosin Eniolorunda da Felix Ike, suka kafa shi a Legas da sunan TeamApt. Shi Tosin injiniya ne da ya yi karatu a jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife, ya yi aiki a Interswitch, wani kamfanin hada-hadar kuɗi ta na'ura, kafin ya fito ya kama nasa. Kuma da farko ba ruwansu da talaka, bankuna suke haɗa wa manhajoji suna karɓar kuɗinsu. Sai a 2019 suka juyo kan irinmu suka fito da Moniepoint a matsayin hanyar wakilai, wato maimakon a gina reshe da AC da mai gadi da ƙofar nan mai kuka in akwai makulli a aljihunka, a ba wani ɗan unguwa inji ya zauna a bakin kasuwa ya zama shi ne reshen. Dabarar ba tasu ba ce su kaɗai, Safaricom ta yi irinta a Kenya da M-Pesa tun 2007, Babban Bankin Najeriya ma ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki tun 2013, ga OPay masu kore da PalmPay duk suna fafatawa a fili ɗaya. A 2022 suka samu lasisin ƙaramin banki, a farkon 2023 suka yar da sunan TeamApt gaba ɗaya tunda ba wanda ya san shi a kasuwa. Ba talla nake musu ba, ko sisi ba su ba ni ba.

Abu na farko da sana'ar ta koya min, injin ba shi ne sana'ar ba, kash ne. Kowa zai iya samun inji. Tambayar ita ce ƙarfe tara na safe ranar kasuwa dillalin shanu ya zo yana son dubu ɗari biyu a hannu, kana da su? Da farko Gumel nake zuwa in bi layi a banki kamar kowa, sai na gane wauta nake yi. Manajan gidan man garinmu kullum yana kwana da tsabar kuɗi yana tsoron ɓarayi, ni kuma ina neman tsaba. Muka shirya, da daddare ya ba ni kash in tura masa ta taransifa, shi ya huta da tafiya banki ni na huta da layi. Haka na yi da Kawu da wasu 'yan hatsi biyu. Ba wanda ya koya min wannan, wahala ce.

Na biyu kuwa da kuɗi na saye shi. Wani mutum ya zo da la'asar sakaliya, farar shadda, turare yana tashi, ya ce "Malam, zan turo dubu arba'in da biyar ka ba ni kash, sauri nake mota na jira." Ya nuna min wayarsa an rubuta ya tafi, ga sunana ɓaro-ɓaro, sannan wani saƙo ya shigo wayata kamar alat. Sabis yana rawa a lokacin, na ji kunyar in tsayar da babban mutum, na ƙirga na ba shi har da "Allah ya kiyaye hanya Alhaji." Har yau kuɗin nan ba su iso ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jarina ke nan. Sati guda ban iya haɗa ido da Kawu ba. Tun daga ranar ko limami ne sai na ga balas ɗina ya motsa da idona, wanda ya ji haushi ya ji.

Akwai kuma rigimar dikilain, inji ya ce bai yi ba amma bankin mutum ya cire masa kuɗi. Ka yi ta bayani cewa bankinsa ne zai mayar masa, tsoho yana kallonka kamar ɓarawo, shi dai ya san hannunka ya ba katinsa. Na sayi littafi ina manna kowane risit da rana da suna, in mutum bai iya bi ba ni nake kira masa bankin nasa. Ba a biyana kan wannan, amma shi ya tara min kwastomomi.

Sai batun canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sanar za a sauya takardun 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023 sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin aka kwashe sababbin kuma babu su. Wanda bai ga wannan lokacin a ƙauye ba ba zai gane ba. Mutum da tumakinsa da buhunan gero amma ba shi da naira ɗari biyar ta cefane. Naira ta koma haja, muna sayenta da naira. Manajan gidan mai da muke mutunci ya fara cewa sai na ɗora masa wani abu a kan kowace dubu ɗari, ni ma na juya kan jama'a, cajin da yake naira ɗari a dubu biyar na kai shi dubu ɗaya. Na samu kuɗi a makonnin nan fiye da abin da na samu a wata shida, ba zan yi ƙarya ba.

Wata tsohuwa da ɗanta ke ci-rani a Legas yana turo mata dubu goma duk wata ta zo, na ƙirga mata dubu takwas. Ta juya su ta sake juyawa, ta ce "ɗan nan, yaron cewa ya yi goma." Na fara mata turancin yadda nake sayen kuɗi, ta ce "to, Allah ya yi maka albarka," ta ɗaure a bakin zani ta tafi. Wannan albarkar ta fi zagi ciwo. Labari ya kai wa Kawu, da daddare ya kira ni zaure ya ce "da na san jarina zai zama wuƙar yanka tsofaffi da ban ba ka ba." Washegari na je har gida na mayar mata da dubu ɗaya da ɗari takwas. Sauran da na yi wa haka ban iya tuna su duka ba, wannan yana nan yana cina. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, abin ya lafa a hankali.

Amma fa wahalar nan ita ta yi wa kamfanonin aikin da talla ba ta yi ba. Mai shayi, mai tsire, mai faci, kowa ya buɗe asusu a waya. Moniepoint suka fito da manhajar asusun mutum ɗaya a 2023, a Oktoban 2024 kuma suka tara dala miliyan 110 daga masu zuba jari har da Google, darajar kamfanin ta haura dala biliyan ɗaya. Gwamnati ma ta farka, a Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da su da OPay da PalmPay da Kuda daga buɗe sabon asusu na 'yan makonni, mu kuma aka ce kowane mai POS ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na yi nawa da ƙyar.

Yanzu a layinmu lema shida ce, ga kowane mai shago da injinsa a kan kanta, ribar ta ragu sosai. Na ƙara da sayar da data da cajin waya. Waɗanda suka rage min su ne waɗanda waya ba ta kai gare su ba, tsofaffi da matan aure da ke aiko yaro da kati da lambar sirri a rubuce a 'yar takarda cikin leda, kullum ina faɗa ina yaga takardar, wani satin a sake aiko wata. Binciken da EFInA, wata ƙungiya mai nazarin harkar kuɗi, ta yi a 2023 ya ce kashi 26 cikin ɗari na manyan Najeriya ba sa cikin kowane tsarin kuɗi, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawa, ni kam ina ganinsu duk ranar kasuwa.

Tsohuwar nan har yanzu wurina take zuwa, ta wuce lema biyar ta tsaya a tawa. Ba ta san sunan kamfanin ba, ba ta taɓa tambaya ba. Jiya ma na ji tana waya da ɗanta tana ɗaga murya, "ka tura wa bankin nan jikan Malam, gani a gabansa."