Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Bakina Ya Kama Sunan 'Yata

A makon jiya na tsaya a inda aka sallamo ni daga asibiti, ƙafar dama tana ja, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, bakina kuma ba ya iya fitar da komai sai "to". Da ita nake amsa wa kowa. A tambaye ni ko kaina na ciwo, in ce to. A tambaye ni ko a kashe fitila, to. Matata ta durƙusa a gabana ta ce, "Maigida, ka gane ni kuwa?" Na ce to. Ta fita waje ta yi kukanta, ni kuma ina kwance da amsa cike da ciki, babu hanyar fito da ita.

Likita ya ce sunan abin afaziya, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki na gamuwa da ita. Gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwata, inda mafi yawan mutane ke sarrafa harshe. Da yake hagun ƙwaƙwalwa ne ke tafiyar da damar jiki, shi ya sa hannu da ƙafa da magana suka tafi a rana ɗaya. Hankalina bai je ko'ina ba. Na san kowa, na san bashin da ake bina da wanda nake bi, ina gane mafi yawan abin da ake faɗa in ba a yi sauri ba. Halin da nake ciki shi ne na mutumin da ke tsaye a ƙofar ɗakinsa, yana hango kayansa ta taga, amma makulli ya ɓata.

Masu zuwa dubiya ba su san haka ba. Wasu su tattauna lamarina a kaina kamar ba na wurin. Yayana kuwa, Allah Ya saka masa da alheri don shi ya fi kowa ɗawainiya da ni, sai ya sunkuyo daidai kunnena ya ɗaga murya: "Wane ne ni? Faɗi sunana!" Ga duk mai majinyaci irina, don Allah a daina wannan jarrabawar. Ba kurumta ba ce, kuma duk faɗuwa a gaban jama'a tana ƙara ɗaure bakin mutum.

Aka haɗa ni da wata ƙwararriya a fannin gyaran magana, wadda a gida muka riƙa kira malamar magana. Ta fara da nuna mini hotuna: kujera, agogo, takalmi. Ko ɗaya ban iya kira ba. Sai ta ajiye su ta ce, "Baba, mu ƙirga tare. Ɗaya..." Abin mamaki, sai ga biyu, uku, huɗu suna zubowa daga bakina har goma, ba gargada. Ranakun mako ma haka, da addu'o'in da na haddace tun ina yaro. Matata ta miƙe tsaye don murna, ta ɗauka an gama. Malama ta ce in faɗi ranar da ke bin Talata. Shiru. Sai na koma tun daga Lahadi na gangaro kafin Laraba ta fito.

Ta yi mana bayani cewa abin da harshe ya saba maimaitawa a jere yakan tsira, wanda mutum zai zaɓo da kansa don ya isar da nufinsa shi ne ke wahala. Ita ce kuma ta ba ni labarin wani majinyaci a Faransa, Leborgne, wanda ya yi shekara wajen 21 ba ya furta komai sai "tan", har mutanen asibiti suka laƙaba masa sunan. Da ya rasu a 1861, likita Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu, wurin da har yau ake kira da sunan Broca. Irin tawa ke nan. A 1874 kuma wani likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana wani nau'in daban. Na ga mai irinsa a wurin jiran layi, wani dattijo da magana ke zuba daga bakinsa ba tsayawa, da murya da ɗaga gira irin na mai ba da labari, amma kalmomin a cakuɗe suke, wasu ma babu su a kowane harshe. Shi bai san ba a gane shi ba. In ɗansa ya yi shiru sai ya fusata. Ni na san abin da nake so in faɗa na kasa, shi yana faɗa bai san ya kauce ba, kuma har yau ban yanke wanda ya fi wani shan wuya ba.

Abin da ya fara buɗe mini baki rerawa ce. Malama takan kama hannuna na hagu, ta riƙa bubbuga shi a kan tebur, bugu ɗaya ga kowace gaɓa, tana rera gajeriyar jimla da murya biyu kacal, sama da ƙasa: "I-na son ru-wa." Da farko amon waƙar kawai take yi ba kalmomi, ina saurare. Sai mu rera tare. Sai ta riƙa janye muryarta a tsakiya ta bar ni in ƙarasa. Daga nan ta tambaya, "Me kake so, Baba?" in amsa da rerawar. Sai a ƙarshe a rage waƙar kaɗan-kaɗan har ta koma magana. Wasu masana a birnin Boston na Amurka ne suka fito da wannan dabara a 1973, bayan an daɗe da lura cewa masu irin ciwona kan iya waƙa ko da sun kasa magana. Waƙa na cikin abin da aka yi amfani da shi wajen dawo da maganar Gabrielle Giffords, 'yar majalisar Amurka a wancan lokacin, wadda aka harba a ka a 2011. Ba kowa take yi wa aiki ba. Ta fi dacewa da wanda ke fahimta amma furuci ya ƙi, don haka dattijon can wata hanya aka bi da shi.

Kunya ta kama ni sosai da farko, babban mutum da furfura yana rera neman ruwa. Ga gajiya: rabin awa na wannan aiki sai in ji kamar na wuni ina tafiya. Masu dubiya kuma kowa ya zo sai ya ce mini sannu ba ta hana zuwa. Gaskiya ce, amma mai lafiyar baki ne ke jin daɗin faɗarta.

Rabin aikin malama a kan mutanen gidana ta yi shi. Ta ce wa matata, "Hajiya, in ya fara magana ya maƙale, ki ƙirga goma a zuci kafin ki taimaka masa. In ya nemi taimako, ki ba shi sautin farko na kalmar kawai." Ta ce a kashe rediyo in za a yi mini magana, mutum ɗaya ya yi a lokaci guda, tambaya ta zama gajeriya. Ta rubuta "i" da "a'a" da manyan baƙaƙe a kati don in riƙa nunawa, saboda bakina kan ce i alhali a'a nake nufi. Ta kuma faɗa mana cewa sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma ƙwaƙwalwa na ci gaba da gina sababbin hanyoyi shekaru bayan haka, muddin ba a daina aiki da ita ba. Ƙirga goman nan ya fi komai yi wa matata wuya. Ina ganin leɓenta na motsi, kalmar na bakinta, tana danne ta.

Sunayen mutane su suka fi taurin kai. 'Yata ƙarama, wadda ke zama da ni kullum tana maimaita mini darasin da malama ta ɗauka a waya, sai in buɗe baki in kira ta, sunan ƙanwata ya fito. Takan yi dariya ta ce, "Ba komai, Baba," amma ina ganin fuskarta. Mun rera sunan, mun bubbuga shi a tebur, ta rubuta shi ta manna a bango. In ana darasi yakan fito, da an tashi ya gudu.

Wata safiya ta yi sallama za ta fita, na hango wayarta a kan kujera. Ban shirya ba, ban bubbuga komai ba, sai kawai na ji na ƙwala mata kira da sunanta. Ta amsa daga bakin ƙofa, "Na'am, Baba," irin amsar yau da kullum, ta ma yi taku biyu kafin ta tsaya cak. Ta dawo da gudu tana kiran mahaifiyarta. Suka ce in sake. Na buɗe baki, sunan ƙanwata ya fito.

Da muka ba malama labari ba ta yi mamaki ba. Ta ce haka abin yake, kalma takan zo ta koma kafin ta zauna, kuma matsa wa mutum ya maimaita nan take shi ke korar ta. Ta rubuta a takardarta, ta ƙara sunan matata da na Yaya a aikin makon.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na koma koyon rubutu da hannun hagu, da abin da ya faru ranar da aka buƙaci in sa hannu a takardar wurin aikina.