Durona uku sun fara juyawa yadda nake so

Abokan koyo, albishirinku: durona sun yi. Jiya da la'asar yaran unguwa suka hau, babu wanda ya kai ga makulli a hawan farko, kuma babu wanda ya yi zuciya ya tafi gida. Tun shigowar bazara abin da nake nema ke nan.

Waɗanda suka ga hotunan baya sun san abin da nake haɗawa. Wasan nan ne na Fort Boyard, shirin talabijin ɗin Faransa, da ake ɗora mutum a kan jerin ganguna masu juyawa, ya ja ciki a kansu har ya kai ga makullin da ke rataye, in ya zame ya koma farko. Mu da muka taso muna leƙen TV5 a gidan maƙwabci mai farabol mun san shi. Faransancinmu na lokacin bai kai mu gane kacici-kacicin tsoho Père Fouras ba, amma makulli da damisa da ƙarar gong ba su buƙatar tafinta. Tun 1990 ake yin shirin a wata ganuwa da ke tsakiyar teku a yammacin Faransa, tsakanin tsibirin Aix da na Oléron. An fara ginin ta a zamanin Napoleon don tsaron gaɓa, kafin a gama a 1857 igwa ta riga ta yi nisan zangon da ba a buƙatarta, har ta koma gidan kurkuku. Mu dai a wancan lokaci ba mu san wannan ba, ihu kawai muke yi wa mutumin da ke kan ganga, "ka kwanta! ka kwanta!", kamar yana jin mu daga Maradi.

Ƙafafu da firam ba su ba ni wahala ba, ƙarfen kwana ne da walda, kun fi ni sani. Duro uku ne na lita 200, faɗin kowanne wajen santimita 58, na jera su kai da kai, kowanne da sandarsa. Gargaɗi ɗaya kafin in wuce: duron da ya taɓa ɗaukar fetur, kada wuta ta kusance shi, ko da an ce muku ya shekara a bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Na man girki na saya, na wanke, kuma duk da haka sai da maigidanmu ya sa na cika su da ruwa kafin in huda. Marfin duro kuwa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, walda na taɓa shi yake ɓulewa, don haka faranti mai kauri na ɗaura da noti ciki da waje, sandar ta kama farantin.

Inda na sha wuya shi ne juyawar kanta.

Da farko sandar a cikin guntun bututu kawai take, da ɗan giris. Duron ya ƙi motsi, yaro ya bi ta kai ya wuce yana dariya, wani lokaci kuma ya kama ya kama sannan ya fizge gaba ɗaya. Wannan ba wasa ba ne, hanyar karya hannun ɗan mutane ce. Sai na rufe ido na sayi boris mai gida, wato zoben ƙarfen nan da ke sa sanda ta juya sumul, guda shida, jika 4 kowanne. Jika 24! Mai shagon ya ce kayan ta Jibiya suke shigowa, in je in tambayi kuɗin mota. Na biya ina jin zafinsa har yau. Da na ɗaura, sai abin ya koma ɗaya gefen: iska ma tana juya duron. Ƙanena mai shekara tara ya ɗora gwiwa, kafin ya ɗora ta biyu yana ƙasa. Aka jeru ana faɗuwa, cikin ɗan lokaci layi ya watse, suka koma ƙwallo. Ranar ban yi wa kowa magana ba a shago.

A nan na gane cewa masu shirin can ba sakin gangunan suke yi haka kawai ba. Daɗin kallon yana cikin ɗan lokacin da ganga ta fara karkata, mutum ya ji ta, ya matse cinya, ya dawo da ita ko ta kayar da shi. Dole ta ba shi wannan damar. To yaya ake sa duro ya yi jinkiri ba tare da ya cije ba?

Na gwada birki da robar cikin taya, na naɗe ta a sandar na ɗaure a firam. Da safe lafiya lau. Da rana ta take, zafin nan namu da ke wuce 40, robar ta saki, kuma tana cinyewa, kullum sai an sake ɗauri. Wani a cikinku ya ba da shawarar in zuba ruwa a cikin duron, na gode, amma bai yi ba: ruwa yana zamansa a ƙasa, duron yana zagaya shi, nauyi kawai ya ƙaru, ga tsatsa tana jira.

Yashi ne ya raba gardama. Na ga amalanken da ya kawo mini yashin gulbi na shimfiɗa a ƙasa, na ce bari in zuba kaɗan ta bakin duron da mazurari. Bambancinsa da ruwa shi ne yashi yana kama bangon ƙarfe. In duron ya fara juyawa sai ya ɗauki yashin ya hau da shi gefe, nauyin yashin kuma yana janyo shi baya. Sai karkatar ta yi yawa yashin ke zubowa, a lokacin ne duron ke tafiya da yaro. Ma'ana ƙaramin kuskure ana yafe maka, babba kuma ka sha ƙasa. Har ƙara yake yi, shuuu, yaran sun riga sun koyi cewa in ka ji wannan ƙarar to ka shirya.

Abin da ya fi burge ni, yanzu da tiya nake auna wahalar wasan. Duron farko tiya takwas, kusan kowa na wucewa. Na tsakiya biyar. Na ƙarshe, wanda makulli ke samansa, tiya biyu kacal, kuma a nan ake kuka. Ku lura, wannan awon na yara ne 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu. Wani ƙato daga cikin 'yan shagonmu ya hau, na farkon ma bai riƙe shi ba. Yashin kuma ya zama busasshe, a tankaɗe shi da rariya. Mai danshi dunƙulewa yake yi ya manne a gefe guda, duron ya riƙa komawa wuri ɗaya. Haka ma in sandar ba ta tsakiya daidai, don haka ku ɓata lokaci wajen neman tsakiyar marfin da zare kafin ku huda. Boris ɗin yana waje a kan firam, yashi ba ya isa gare shi, amma na toshe gefen farantin da roba saboda ƙura.

Maigida ya zo ya tsaya, ya tura na tsakiya da ƙafa, ya saurari ƙarar, ya ce "ba laifi". Ku da kuka san shi kun san wannan lambar yabo ce.

Na naɗe durukan da tsohuwar darduma saboda zafin ƙarfe, tsawonsu daga ƙasa bai kai ƙugu ba, yashin ƙasa kuma na zuba shi da kauri irin na filin kokowa. Fenti sai wata mai kamawa, aljihu ya huta tukuna. Na so in fara duwatsun tsallake irin na Takeshi's Castle, wasan Japan ɗin nan da wasu duwatsun ke nutsewa in an taka, amma agogon ruwa ya tsaya mini a rai, don a Fort Boyard shi ne ke tayar da hankali: in ya ƙare kana cikin ɗaki, an kulle ka. Na haɗa gora biyu baki da baki na huda marfi, sai ruwan ya yi gudu da farko, ya koma ɗigo in ya yi ƙasa, wani lokaci ya tsaya cak saboda iska ba ta samun hanyar hawa. Minti biyu nake so ya riƙa yi daidai. Wanda ya taɓa sa siririn bututu na biyu don iskar, ya gaya mini kaurin da ya yi amfani da shi da kuma inda ya tsayar da bakinsa.