Asabar, ranar da na ƙirga gaɓoɓin wuyan rago

Tun jiya da daddare autana ya tayar mini da gardama. Wai malaminsu ya ce ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da na ɗan Adam. Na ce masa ya sake tambaya, ƙila bai ji da kyau ba. Dabbar da wuyanta ya kusan mita 2, ta yaya za a ce ƙirga ɗaya muke da ita? Ya kwanta yana fushi.

Yau da hantsi na shiga kasuwa sayen nama, don ƙanwata tana jego, kuma Inna ta ce farfesun wuyan rago za a yi mata. A rumfar mahauta akwai dattijon da muke saye a wurinsa tun ina yarinya. Yana wasa wuƙa maganar yaron ta faɗo mini.

"Baba, don Allah gaɓar wuyan rago nawa ce?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Bakwai, 'yata. Na sa ma bakwai, na raƙumi bakwai. Shekara nawa ina raba su."

Ya ɗora wuyan a kan kututture, ya bi shi da bakin wuƙa gaɓa bayan gaɓa, ina ƙirgawa a bayyane. Bakwai cif. Mutumin nan bai zauna a aji ba, hannunsa ne ya koya masa abin da ni mai takardar makaranta na ƙaryata jiya. Na daɗe ina kallon hannun nan nasa.

Bayan na ɗora tukunya, na zuba citta da masoro da kimba, sai na zauna da waya ina bincike har ruwan ya kusa ƙonewa. Ashe kusan duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta haka Allah ya yi ta, daga ɓera har giwa. Na raƙumin dawa tsawo kawai suka yi, guda ɗaya yakan kai santimita 25. Tsuntsaye kuwa nasu daban: kaza 14 gare ta, mujiya ma 14, kuma tana iya juya kanta har digiri 270 ba ta motsa jiki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ayu, dabbar nan ta ruwa mai shayarwa. Tun muna yara muke jin sunansa a bakin masu tallar man ayu, ban taɓa tunanin yadda halittarsa take ba. Shi shida gare shi, kuma ba ya iya waiwaye. In zai dubi bayansa sai ya juya jikinsa gaba ɗaya a cikin ruwa. Yana nan a kogin Neja da Binuwai, farauta tana ta rage shi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Daga nan na faɗa kan labarin raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a hanyar Dosso. A 1996 saura 49 kacal suka rage a irinsu, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Kusa da mu haka, amma ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba.

Farfesu ya yi daɗi, mai jego ta sha har da ƙari. Na tattara ƙasusuwan na wanke, na jera su a faranti, na kira autana na ce masa gaskiyarsa ce, ya yi haƙuri. Ya ƙirga su sau biyu. Sannan na sunkuyar da kai, na kama yatsansa na ɗora a kan ƙashin nan da ke turowa a gindin wuya, na ce ga na bakwai ɗin. Ya nemi nasa ya samu, ya ruga ɗakin Inna wai sai ya taɓa nata.