Layuka Sun Yi Yawa, Sauti Na Tsinkewa: Abin Da Aikin Situdiyo Ya Koya Mana a Gombe

Waƙar biki ko ta siyasa ba ta da wuya ta kai layi 40 a situdiyo, wato sautuka 40 kowanne a jerinsa daban cikin manhajar haɗa waƙa. Ga kiɗa da ganguna da fiyano, ga muryar mawaƙi an ninka ta, ga 'yan amshi kowacce da layinta. A nan ne sauti ke fara ƙas-ƙas yana tsinkewa, sai a ce kwamfuta ta tsufa. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Babban darasin da aikin nan ya koya mana shi ne ɗaukar murya daban, haɗa waƙa daban, kuma kowanne da saitin da yake so.

A fara da bafa, wato girman gutsuren sautin da kwamfuta ke sarrafawa kafin ta miƙa wa sifika. Idan ana aiki a kan 44.1 kHz (wato ana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa), bafa mai 128 tana ba firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, kusan milisakan 3 kacal ta gama lissafi. Ta makara ko da kaɗan ne, sai a ji ƙas. Bafa mai 1024 kuwa tana ba ta kusan milisakan 23, amma mawaƙi zai ji muryarsa na zuwa a baya cikin abin kunne, ya rikice. Saboda haka a ɗauki murya da 128 ko 256, in an zo haɗawa a ɗaga zuwa 1024. Wannan sauyi kaɗai yana raba yawancin situdiyo da matsalar. A tabbata ana amfani da direban ASIO na akwatin sautin kansa, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da akwatin da ake jona makirfo da sifika. Direban ASIO4ALL na wanda ba shi da akwatin ne. Kada kuma a hau 96 kHz don burga: aikin firosesa zai ninka fiye da sau biyu, a kan waƙar da a waya za a saurara.

Kafin mawaƙi ya shiga ɗaki, a fitar da kiɗan gaba ɗaya ya zama fayil ɗaya na WAV, a buɗe sabon aiki a ɗora shi. Layi ɗaya na kiɗa da layukan murya, shi ke nan. Manhajojin kayan kiɗa irin su Kontakt da Omnisphere da Nexus duk suna hutawa, ko kwamfuta mai ram (ma'adanar aiki ta wucin gadi) 8 GB za ta numfasa.

Layin sauti tsurarsa ba shi da nauyi. Murya guda a 24-bit ba ta kai MB 8 a minti ɗaya ba. Filogin ne, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗora wa layi, ke shaƙe kwamfuta, musamman ribab mai sa murya amsa-kuwwa. Idan 'yan amshi takwas kowacce an ɗora mata nata ribab, an yi aiki ɗaya sau takwas. A buɗe layi guda a sa masa ribab, a tura masa duk muryoyin, kowacce gwargwadon buƙatarta. Har sautin ya fi daɗi, domin za a ji kamar a ɗaki ɗaya suka yi amshin. Amma Auto-Tune, filogin da ke daidaita karin murya, ba ya karɓar wannan dabara, murya ɗaya yake iya bi a lokaci guda. Dole kowane layi da nasa, sai dai da zarar gyaran ya zauna a mayar da layin fayil ɗin sauti a kashe filogin. A manhajar Cubase ana danna Freeze, a FL Studio ana yin Consolidate. A ajiye kwafin aikin tukuna, don mai waƙa yakan dawo ya ce a sauya baiti.

Akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai: Windows na nuna firosesa ba ta kai rabi ba, amma sauti na tsinkewa. Dalili shi ne filogin da aka jera a layi ɗaya dole su bi juna, don haka sashe ɗaya na firosesa ke ɗaukarsu, sauran na zaune. Jera filogin gyaran ƙarshe irin su Ozone a babban layin da duk sautuka ke fita ta kansa tun ana ɗaukar murya kuskure ne, yana ƙara nauyi da jinkiri. A bar su sai ƙarshe.

Sai zafi, wanda mu a nan ba ma iya kauce masa. A watan Maris da Afrilu, ga ɗaki a rufe an kashe fanka don kada makirfo ya kama ƙara, firosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe mata hanyar iska. A kai a buɗe a busa, a sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, a ɗaga laftof daga kan tebur. In wuta ta ɗauke aka koma batir, gudunta na raguwa, don haka aiki mai nauyi ya jira janareta ko sola, kuma tsarin wutar Windows ya zauna a kan High performance.

A kashe Wi-Fi da Bluetooth da burauza lokacin ɗauka. Wanda har yanzu ke aiki da tsohuwar ma'adanar hard disk mai juyawa, ya fara sayen SSD, ma'adanar da ta fi ta sauri, kafin ya yi tunanin sabuwar kwamfuta.