Wata shida a Gembu

Yau wata shida cif da na sauke kayana a Gembu ta jihar Taraba, bayan an yi mini canjin wurin aiki daga Kano. Kwana biyu muka yi a hanya. Muka kwana a Jalingo, washegari muka bi ta Bali da Serti, sannan mota ta fara hawan tsaunin Mambila, kunnuwana suna toshewa, kowa ya yi tsit sai salati.

Sanyi ne ya fara gwada ni. Na saba kwana a tsakar gida a Fagge saboda zafi, sai ga ni da bargo biyu, ina ɗumama ruwan alwalar asuba. Wata safiyar hazo kan sauko har gidan maƙwabci ya ɓace maka. Amma shirun ya fi sanyin ciwo. Ana idar da isha'i unguwarmu ta kwanta, babu ƙarar A Daidaita Sahu, babu abokan hirar teburin mai shayi. Wallahi makonnin farko kewar gida har hawaye ta sa ni.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta janyo ni cikin mutane. Kullum da safe sai ta ce mini, "A waali jam?" wato "An kwana lafiya?" Ni kuwa in yi murmushi kawai, don a nan Fulatanci ya fi yawo a bakin jama'a. Ranar da na amsa, "Jam, Inna," ta tafa hannu, ta aiko jikanta da kwano cike da ayaba da fiya.

Jiya na aika wa Hajiyarmu ganyen shayin Kakara, wanda ake nomawa a nan tsaunin Mambila. Ta kira tana tambaya ko ina rufe ƙirjina da kyau.