Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zamana a Gindin Dutsen Kartala

A makon jiya mun tsaya a inda na kammala karatu a Khartum, wani abokin karatuna ɗan Komoros ya samo mini aikin koyar da Larabci a garinsu. A farkon 2005 na sauka Moroni, babban birnin ƙasar.

Sai na fara kwatanta muku ƙasar, don ko mahaifiyata da na faɗa mata sunan, cewa ta yi, "Kai ɗan nan, ina ne kuma nan a duniyar Allah?" Tsibirai ne huɗu a cikin tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska: Ngazija, inda babban birnin yake, sai Anjuwan, da Mwali, da Mayot wadda take hannun Faransa. Dukkansu aman wuta ne ya tono su daga ƙarƙashin teku. Mayot ce ta fi tsufa, duwatsunta sun lafa tuntuni. Ngazija kuwa ita ce auta, wutarta ba ta mutu ba har gobe. Kartala, dutsenta mai aman wuta, mai tsayin mita 2,361, yana tsaye a bayan Moroni, ko ina ka juya yana bisa kanka.

Mutanen Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'iyya. Da asuba limami yakan bayyana bisimilla, ya yi alƙunutu da ƙarfi bayan ruku'u, hannuwa a sama. Ni da na tashi a Malikiyya sai da na ɗan jima kafin jikina ya saba. Tsohon masallacin Juma'ar da ke bakin tashar jiragen ruwa, fari tas, tarihinsa na komawa ga shekarar 1427.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. A garinmu damina gajera ce, duk da haka ka haƙa ƙasa ka tarar da ruwa. A Ngazija sama takan yi kwanaki tana zuba, ga ayaba da kwakwa da rogo ko'ina kore shar, amma duk faɗin tsibirin babu kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina. Ƙasar baƙin dutse ce mai huji-huji kamar soso, ruwa na sauka take shanye shi. Rijiyoyin bakin teku kuma da yawansu zartsi ne. Saboda haka a ƙauyuka kusan kowane gida da ginannen tankinsa na siminti, an jawo indararo daga rufin kwano zuwa cikinsa. Abin da sama ta ba su, shi za su yi ta tsimi da shi.

Tsofaffi suna ba da labarin 1977, lokacin da narkakken dutse ya gangaro ta ƙauyen Singani ya cinye gidaje har ya faɗa teku. An kai ni wurin, na taka shi da ƙafata, ya daskare baƙi ƙirin.

Ni kuwa nawa rabon ya zo a watan Nuwamba na 2005. Muka wayi gari babu rana. Toka ce ke sauka, laushi, ruwan ƙasa-ƙasa, ta rufe motoci da ganyen ayaba, tana shiga ido da maƙogwaro. Mutane suna tafe da ƙyalle ɗaure a hanci, fitilun mota a kunne da hantsi. Aka rufe makaranta. Mahaifiyar abokina ta buɗe murfin tankinta, ta zura guga ta ɗebo, sai ga ruwan ya koma kunu. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wuta ba ta taɓa mu ba, ƙishirwa ce za ta taɓa mu." Tanadin watanni ne ya lalace a dare guda. Daga nan sai layin jarka, ana jiran motocin tanka. Alwala kam teku muke gangarawa mu yi, tunda ruwansa mai tsarki ne, na sha kuma a riƙa auna wa yara da kofi.

A layin nan ne na ji wata mata tana cewa ɗanta ya gaji, zai hau kwasa-kwasa, ƙananan jiragen da ke tsallaka kilomita 70 daga Anjuwan zuwa Mayot cikin dare. Faransa ta mallaki Mayot tun 1841, kuma da sauran tsibiran suka ayyana 'yancinsu ranar 6 ga Yuli, 1975, ita ta zauna a hannun Faransa. Tun 1995 sai da biza ɗan Komoros zai je wurin kawunsa a can, kuma tekun nan ya ci rayuka masu yawa. Wannan abu ya ƙona mini rai ƙwarai. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ma ya bi wannan hanya, labarinsa ne zai zo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.