Raɗa wa Wuraren Ceres Suna Idan Marubuta da Yawa ne Suke Gina Labari Ɗaya

Idan marubuta biyar ko goma, wasu a Garwa, wasu a Marwa, wasu a Injamena, suka haɗu a kan duniyar ƙage ɗaya, abin da ke fara kawo saɓani shi ne sunayen wurare. Wannan ya kira dutse da suna, wancan ya ba shi wani, na uku ya ɗauke shi ya kai kudu. Maganin abin kundi ne guda ɗaya, da yarda cewa kowane wuri yana da suna biyu: na taswira da na bakin mazauna.

A ɗauki Ceres, ƙaramar duniyar da Giuseppe Piazzi ya gano a 1801. Faɗinta kusan kilomita 940 ne, kuma tun da kumbon Dawn ya isa can a 2015 ake da taswirarta. Sunayen taswira ba naku ba ne, 'yan'uwa. Ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ita ke tabbatar da su, kuma tana da ƙa'ida: ramukan Ceres suna ɗaukar sunayen abubuwan bautar noma na al'ummu daban-daban, sauran wurare kuma sunayen bukukuwan noma. Daga nan aka samu ramin Occator mai faɗin kilomita 92, da Dantu daga mutanen Ga na Gana, da Ahuna Mons, dutse mai tsawon kusan kilomita 4. Kalmar Latin da ke biye ita ke faɗin irin wurin: mons dutse, catena jerin ramuka, facula farin tabo. Ku kwafe su yadda suke. Marubucin da ba ya son sunan abin bauta a bakin jaruminsa ba shi da damuwa, domin wannan suna na takardar hukuma ne kawai.

Aikinku na gaskiya shi ne suna na biyu. Kafin a karɓi kowanne, mai kawo shi ya amsa tambaya uku: wa ya raɗa, da wane harshe, me ya gani? Masu haƙar ma'adinai ba sa neman suna mai daɗin ji, abin da ke gabansu suke faɗa. Fararen tabon da ke tsakiyar Occator gishiri ne, galibinsa sodiyam kabonet, wato dangin kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi. Bahaushen da ya sauka can Ramin Kanwa zai ce, ba sai an koya masa ba. Bafulatani zai sa hosere a gaban dutse, Balaraben Cadi ya ce hajar, kamar yadda taswirar yankinmu take cike da su. Ku bar harsunan su cakuɗe, ya fi kama da gaskiya. Amma a yi hattara da mayo da bahar, wato kogi da Fulatanci da Larabcin Cadi: babu ruwa mai gudu a saman Ceres. Duk wanda ya sa wa kwari Mayo, to labarin ya nuna cewa kewar gida ce ko zolaya.

Kundin kansa takarda ɗaya ce mai gida shida: sunan taswira, sunan mazauna, latitud (matsayin wuri arewa ko kudu), lonjitud (matsayinsa gabas ko yamma), girma da kilomita, sai labarin da sunan ya fara fitowa. Mutum ɗaya ne ke da ikon ƙarawa a ciki. Biyu sun yi yawa.

A lonjitud ne ake yawan faɗuwa. A Ceres ana ƙirgawa daga 0 zuwa 360 ta gabas, farawa daga wani ƙaramin rami mai suna Kait. Occator yana wajen digiri 20 arewa, 239 gabas. Ahuna yana wajen 10 kudu, 316 gabas. Wanda ya saba da taswirar Duniya sai ya rubuta 121 yamma maimakon 239 gabas. Wuri ɗaya ne, amma idan marubuci na gaba ya manta da kalmar yamma, sai ramin ya koma wani ɓangaren dabam. Digiri ɗaya a tsakiyar Ceres kusan kilomita 8 ne, saboda haka tsakanin Occator da Ahuna akwai kusan kilomita 670, fiye da ninki uku na hanyar Garwa zuwa Marwa. Kada jarumi ya yi ta a yini guda da ƙafa, balle ma yinin da darensa awa 9 ne kacal.

Akwai wani abin da kusan kowa ke mantawa. Saboda ƙanƙantar Ceres, mutumin da ke tsaye a fili ba ya hangen abin da ya wuce kilomita ɗaya da ɗan abu, ƙasa ta lanƙwasa ta ɓoye sauran. Ƙolin Ahuna kuwa ana iya hango shi daga wajen kilomita 60. Ma'ana, alamar hanya sai dogon dutse, bakin rami, ko hasumiyar da mutane suka kafa. Ƙananan wurare za su samu suna ne kusa da sansani da kan hanyar motoci, sauran ƙasar ta zauna da lamba kawai. Shi ya sa cika taswira da suna ɗari tun farko ɓarna ce: a fara da goma sha biyu zuwa ashirin, a bar wa masu zuwa fili.

Sai rubutu. Wanda ya yi makarantar Faransanci zai rubuta Doutsé, ɗan'uwansa ya rubuta Dutse, kuma mai nema a kundi ba zai ga ɗayan ba, sai ya raɗa sabo. Ku tsayar da rubutun Hausa da ƙ, ɗ, ɓ, a ajiye ɗayan a gefe don bincike. Sunan shugaban siyasa ko na mutum mai rai a bar shi. IAU ma ba ta karɓar sunan mutum sai ya shekara uku da rasuwa.

Sunan da ya riga ya fito a labari ba a goge shi. Idan bai yi muku ba, a canza shi a cikin labarin: sabuwar hukuma ta sauya, tsofaffin ma'aikata su ci gaba da kiran tsohon, kundi kuma ya rubuta shekarar da aka yi canjin.